Sarkin da Ya Taya Bunsuru

An ce wani sarki, daga cikin sarakunan da ƙasa ta riga ta rufe, ya mallaki birni mai yalwar gero da dawa. Rumbunansa cike, rijiyoyinsa ba sa ƙafewa, talakawansa suna kwana da ƙoshi. Abu ɗaya Allah ya hana ƙasarsa, shi ne kanwa. Ita kuwa kanwa ba abar rainawa ba ce. Da ita ake dama kunu, da ita wake yake nuna, ita ake ba dabbobi su lasa, ita ake jiƙa wa mai ciwon ciki. Duk wadda aka gani a kasuwar birnin, daga Tafkin Gauraka aka ɗauko ta, can gabas bayan daji, a ƙasar wani sarki dabam.

Mutanen Tafki kuwa Allah ya zuba musu taurin ciniki. Ko allura ka taya musu, sai sun yi ta ce maka albarka har rana ta take, ka ƙara, su sake cewa albarka. Suna salla, suna azumi, amma suna da wata al'ada da suka gada. Kowace shekara, kafin a fara haƙar kanwa, sai su yanka baƙin bunsuru a bakin ruwa, wai don iskar da take gadin tafkin. Kowa ya san da wannan tun kaka da kakanni, bai kuwa taɓa hana kowa shan kunu ba. Sai a shekarar da mutanen Tafki suka ƙara wa kanwa tsada, a shekarar nan ce sarki ya tashi wata safiya ya ce bunsurun nan ya hana shi sukuni. Ya sa aka yi shela: a wasa takubba, kowane gida ya ba da maza, za a je a kawar da shirka.

To, a bayan ganuwa akwai wani tsoho ana ce masa Madugu Tunau. Ya daɗe yana jan ayari tsakanin birnin da Tafki, har gwiwa ta gaza, sai ya jingine sanda, ya kafa 'yar bukka, ya kama karatu da tasbihi. Mutane suna kai masa rigima ya raba, ba ya karɓar ko goro. 'Ya'yansa maza, Nomau da Ɗantani, suna cikin waɗanda aka ɗiba yaƙi. 'Yarsa Tasalla kuma a Tafki take aure, 'ya'yanta har sun isa riƙe baka. Ke nan in aka gwabza, kowace kibiya aka harba, daga gidan Tunau ta tashi, a gidan Tunau za ta sauka.

Ana nan sai sarki ya aiko ya zo, domin ba wanda ya san rijiyoyin hanya kamarsa. Tsoho ya ɗauki sandarsa ya bi ɗan aike. Da suka biyo ta bayan fada, sai ya ga abin da ya sa ya rage tafiya. Maɗinka zaune jere suna ta ɗinka buhuna da mangala, an tara su tsibi tsibi kamar za a kwashe amfanin gonar duniya. Ga jakuna an ɗaure ba iyaka. Tunau ya dubi buhunan nan, ya ga ko ɗaya ba komai a ciki. Ya gyaɗa kai, ya wuce.

Ya iske sarki a zaune, fada ta cika. A damansa ga Liman Ukashatu, mutum mai tsoron Allah, wanda shi kam tun kanwa tana da araha yake baƙin cikin bunsurun nan. A hagunsa ga Ma'aji Ƙosau, mai kula da taskar sarki, wanda bai taɓa jin labarin bunsuru ya dame shi ba sai bana.

Tunau ya faɗi ya yi gaisuwa. Sarki ya ce, “Ya tsoho, an ce ka san hanyar Tafki da rijiyoyinta. Kai za ka ja mana gaba.”

Tunau ya ce, “Ya sarki, Allah ya ja zamaninka, na san ta. Sai dai madugu ba ya ɗaura kaya sai ya san abin da ayari zai sayo. Mai zuwa sayen goro da ganye yake tafiya, mai zuwa sayen shanu da igiya. Mu me za mu sayo?”

Sarki ya ce, “Ba saye za mu ba. Addini za mu kai.”

“Madalla, madalla. Shi addinin, ya sarki, a buhu ake kai shi ko a mangala?”

Ma'aji ya yi maza ya ce, “Kai tsoho, na guzurin mayaƙa ne.”

Tunau ya ce, “Af, guzuri. Ni a zamanina guzuri cike yake fita, ya dawo wofi. Ashe yanzu an juya. A gafarta wa tsufa.” Sai ya juya wajen Liman, ya ce, “Allah gafarta Malam, ina neman ƙarin sani. Ana auka wa mutane kafin a kira su su bar ɓarna?”

Liman ya ce, “Subhanallahi, ba a yi. Sai an aika musu, an kira su, sun ƙi.”

Sarki ya ɓata fuska. Ma'aji ya matso ya raɗa masa magana a kunne. Tunau bai ji ba, amma ya san abin da aka faɗa kamar shi ya faɗa: mutanen Tafki ne fa, tun da aka halicce su ba su taɓa sallama tayin farko ba, a aika, albarka za su ce. Fuskar sarki ta washe. Ya ɗaga murya yadda na bakin ƙofa za su ji, ya ce, “Je ka da kanka, ya tsoho. Ka ce su daina yanka wa iska bunsuru. Abin da nake nema ke nan.”

“Shi ke nan, ya sarki? Ba ka son ko ɗan dunƙulen kanwa a kai?”

Sarki ya dubi jama'a, ya ce, “Me zan yi da kanwa? Ni ɗan kasuwa ne?”

“Allah ya kiyaye. Amma ni ɗan kasuwa ne, a cikinta na tsufa, ban iya kai saƙo ba sai irin na dillali. Wannan tayi ne?”

“Tayi ne.”

“In sun ce albarka, ni zan shige gaba in nuna maka kowace rijiya. In kuma sun sallama fa?”

Sarki ya ƙyalƙyale da dariya, fadawa suka taya shi. Ya ce, “In sun sallama, na saya.” Ya miƙa hannu, Tunau ya kama, Liman ya ce ya shaida.

A ƙasar nan kuwa ba a wasa da wannan. Wanda ya taya kaya, aka ce an sallama masa, sannan ya ja da baya, ko ɗan wane ne, ba mai sake sayar masa da ko barkono, mata kuma su sa shi a waƙar daka har jikokinsa su ji.

Tunau ya hau tsohon jakinsa ya kama hanya. Ya ɗaure sarkinsa da magana, gaskiya ne, amma ya ɗaure kansa shi ma. In mutanen Tafki suka yi halinsu, shi ne zai jawo 'ya'yansa su zo su ƙone ɗakin 'yar'uwarsu.

Da ya isa, gidan Tasalla ya fara sauka. Tana ganinsa ta yar da muciya, ta ce, “Baba! Kai ne da wannan ƙafar? Lafiya? An ce mana su Yaya Nomau suna wasa takobi, nawa yaran ma ga su can suna fiƙe kibau, na yi magana har na gaji.”

Ya sha ruwa, ya kwashe labari ya gaya mata. Tasalla ta riƙe haɓa, ta ce, “Yanzu a kan bunsuru za a kashe mu? Wane bunsuru? Baba, matso ka ji, amma ba daga bakina ka ji ba. Shekarar da annoba ta cinye awaki, an nemi baƙin bunsuru an rasa. Sarkinmu ya sa aka samo fari, aka tara mu mata muka kankare baƙin tukunya, muka kwaɓa da man shanu muka shafe shi tas. Ni na shafa masa gemu. Aka yanka. Wallahi kanwar shekarar nan har ta fi ta kullum.”

Tunau ya yi dariya har da hawaye, ya ce, “Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Zuba mini tuwo, yanzu na ji yunwa.”

Da gari ya waye ya tafi fada. Sarkin Tafki tsoho ne siriri mai cin goro, sun sha gwagwarmayar ciniki da Tunau tun suna da baƙin gashi. Yana ganinsa ya ce, “Tunau! Ashe ba ka mutu ba? Har yau in na tuna cinikin da ka yi mini sai in ji haƙarƙarina yana ciwo.”

“Ya sarki, nawa haƙarƙarin ma bai warke ba. Yau tayi na kawo daga sarkina. Ya ce ku daina yanka wa iska bunsuru, shi kuma ya…”

“Albarka.”

“Ban ƙarasa ba, ya sarki.”

“Ko ka ƙarasa albarka. Al'adar kakanni ce. In yana so mu bari, ya ba mu gero na shekara, ya buɗe wa shanunmu makiyayarsa, sannan mu fara magana.”

Tunau ya gyara zama, ya ce, “Ya sarki, ina da tambaya. Mutum ya shigo gidanka, idonsa yana kan goɗiyarka, amma don kunyar jama'a sai ya taya tsohon linzamin da yake rataye a bango. Me za ka yi?”

“In ce albarka, ya ƙara.”

“Albarkar nan yake jira. Kana faɗinta zai ce ka wulaƙanta shi, ya kira danginsa su kwance goɗiyar.”

Sarkin Tafki ya daina tauna goro. Can ya ce, “In haka ne, sai in cusa masa linzamin a hannu, in raka shi ƙofa, in yi masa Allah ya kiyaye hanya.”

“Haka mai hankali yake yi. Na ga buhunan da suke ɗinkawa da idona, ba na ɗaukar bunsuru ba ne. Mayaƙansu kuma sun fi naku yawa nesa ba kusa ba. Sarkina ya taya abin da ba shi yake so ba, a gaban shaidu, don ya san halinku. In ka ƙara ko allura a kai, tayin ya tashi daga nasa ya koma naka, sai ya ce ciniki ya watse.”

Sarkin Tafki ya yi ajiyar zuciya, ya ce, “To iskar tafki fa? In ta yi fushi ta hana mu kanwa?”

“Ya sarki, wa yake ba da kanwa?”

“Allah.”

“To. Ita kuma iskar, wadda ba ta iya bambance baƙin bunsuru da baƙin tukunya, ban ga ranar da za ta lura an daina ba.”

Sarkin Tafki ya zabura, ya ce, “Wa ya gaya maka? Matan garin nan! Na sa su rantsuwa fa!” Fadawansa suka sunkuyar da kai, kafaɗu suna rawa. Shi ma dariyar ta ci ƙarfinsa. Da ya natsu ya ce, “Gaskiya naman muke so, da taron. Sai mu riƙa yanka rago da sunan Allah a ƙofar masallaci, a raba wa mabukata. Amma Tunau, in sallama haka nan, ba ja ba komai? Ko ɗan mudun gero?”

“Ko ƙwaya.”

Sarkin Tafki ya buɗe baki, ya rufe. Ya ce, “Na sa…” maganar ta maƙale. Aka kawo masa ruwa ya sha. Ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya rintse ido kamar mai haɗiye maɗaci, ya ce, “Na sallama. Wayyo ni. Ubana bai taɓa yi ba, kakana bai taɓa yi ba. Ku kawo bunsurun bana ku ba shi, kayan da aka saya ba ya kwana a gidan mai sayarwa. Ka kuma roƙar mana Limaminku ya aiko mana da mai koya mana abin da muka jahilta. Roƙo ne, ba ciniki ba, kada ka haɗa.”

Ranar da Tunau ya komo, da hantsi ne, mayaƙa sun taru a ƙofar fada suna jiran a ce a tashi. Sai ga tsoho a kan jaki, yana janye da wani ƙaton baƙin bunsuru mai wari, bunsuru yana turjewa yana kuka. Jama'a suka dare. Ya sauka a gaban sarki, ya yi gaisuwa, ya ajiye igiyar a bakin shimfiɗa, ya ce, “Ya sarki, ga kayanka. An sallama. Daga bana ba sauran yanka wa iska, har suna roƙon Liman ya aika musu da malami.”

Liman Ukashatu ya faɗi ya yi sujada, ya ɗago hawaye yana bin gemunsa, yana cewa, “Alhamdu lillahi! Ba a zubar da jinin kowa ba!” Ya ɗaga hannu ya kama addu'a, jama'a suna amin. Mata suka rangaɗa guɗa ta bayan katanga. Mayaƙa suka fara kwance tsirkiyar bakunansu.

Sarki kuwa ko motsi. Ya dubi Ma'aji, Ma'aji ya dubi ƙasa. Da hayaniya ta lafa, sarki ya yi gyaran murya ya ce, “Mun ji. Sai dai ciniki ba ya cika sai da gyara. Su ba mu gefe ɗaya na tafkin, ya zama gyara.”

Tunau ya ce, “Ya sarki, ka san kasuwa ashe. Wadda ta sayi mudun gero, me ake yi mata gyara da shi?”

“Ɗan abin da tafin hannu ya ɗiba.”

“Wadda ta sayi ƙosai fa?”

“A ɗora mata guda ɗaya.”

“To wanda ya sayi bunsuru, ya ce a yi masa gyara da tafki, wanne ne kayan, wanne ne gyaran?”

Idon sarki ya kaɗa ya yi ja. Ya ce, “Ya tsoho, ka san harshen nan naka yana iya raba ka da kanka?”

Ba wanda yake son takobi, ko ya kai shekara nawa. Tunau ya waiga, ya hango Nomau da Ɗantani tsaye cikin sahu, sai ya dafa sandarsa ya ce, “Na sani, ya sarki. Iko naka ne, wuya nawa. Amma kanwa ba haram ba ce, son ta ma ba zunubi ba ne, ni ma da ita nake shan kunu. In ita kake so, sa mai shela ya hau ya ce: sarki yana son kanwa, wa zai ba da ɗansa? Duk wanda ya fito, ni zan ja su har bakin tafki. Abin da nake roƙo, kada a ce wa uwa ɗanta ya faɗi don Allah, alhali don cika buhu ya faɗi. Ita za ta yarda ta yi haƙuri. Allah da aka ambaci sunansa kuwa ya san abin da yake cikin buhun.”

Sarki ya dubi mai shela. Mai shela ya sunkuyar da kai yana addu'ar kada a sa shi. Sarki ya dubi jama'a, ya ga iyaye tsaye a bayan 'ya'yansu, ya san in aka yi wannan shela ko mutum ɗaya ba zai taka ba. Ana cikin haka, bunsuru ya miƙa wuya ya kama gefen rigar Ma'aji ya shiga tauna. Ma'aji yana ja, bunsuru yana ja, kuma ba halin ya yi ƙara a gaban sarki.

Sarki ya danne, ya danne, abin ya fi ƙarfinsa, ya fashe da dariya har rawaninsa ya karkace. Da ya gyara shi, sai ya miƙe tsaye, ya ce, “Ku shaida, ya jama'a, kanwar nake so. Na faɗa wa kowa addini ne har ni ma na yarda. Amma da aka ce an sallama, Liman ya yi kukan murna, ni kuwa na ji kamar an yi mini sata. A nan na gane wanda ya fito don Allah a tsakaninmu. Na taya, an sallama, na saya. Kowa ya mayar da takobinsa kube.” Sannan ya sassauta murya ya ce, “To, ya tsoho, ita kanwar yaya zan yi in same ta?”

Tunau ya ce, “Yadda kowa yake yi, ya sarki. Ka aika a taya, su ce albarka, ka ƙara, su sake cewa albarka. Ka shirya dai, don haushin wannan sallamar a kanka za su huce shi.”

Sarki ya sake dariya, ya ce, “Dillali ba ya tafiya ba la'ada. Faɗi abin da kake so.”

Tunau ya ce, “A ba ni 'ya'yana in tafi da su, gonarmu tana jiran noma. Sauran iyaye ma kowa ya kama hannun nasa.”

Aka yi haka. Tsoho ya fita ƙofar gari, Nomau a dama, Ɗantani a hagu, yana yi musu faɗan sun bar masa dangar bukka ta faɗi. Sarki ya bi su da kallo har suka ɓace, sannan ya juya ga Liman ya ce, “Malam, ka riƙa tuna mini da wannan duk ranar da ka ga na manta: farkon adalcin sarki shi ne ya kira kwaɗayinsa da sunansa, kada ya ara masa sunan Allah.”